Dawakan da Ba Mai Hawansu

Kawuna bai yarda da yawon buɗe ido ba. Ya yi shekara goma sha wani abu yana fita waje sayen kaya, ya je Dubai, ya je Bankok, ya je Hong Kong, amma in ka tambaye shi yadda garuruwan suke, sai ya gaya maka inda ake samun takalmi mai kyau da inda ake samun abincin halal. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya sa ni a kasuwa bayan na gama sakandare na yi shekara uku ina jiran aikin gwamnati. A ƙarshen 1998 ya tafi da ni Guangzhou sayen takalman ƙaramar salla, saboda Turancina ya fi nasa, kuma gwiwarsa ta fara hana shi ɗaukar jaka.

Mun sauka a wani otal mai sauƙi a wajen Liuhua, kusa da tashar jirgin ƙasa. A lokacin baƙar fata ba su da yawa a garin. In muka tsaya tsallaka titi, masu keke kan rage gudu su kalle mu, wani ma har ya ɗan taɓa hannun rigar Kawu ya ji irin yadin. Kawu bai taɓa nuna ya lura ba. A ɗakin da ke kallon namu akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai sayen tufafi a kasuwar Shahe, dogo, mai son hira. Tun daren farko muka haɗa kwano da shi: mu muna da kilishi da garin kwaki, shi yana da dambun nama da wani yaji da har yau ban sake cin irinsa ba. Shi yana kiran Kawu Alhaji, Kawu yana kiransa Alhaji, ni kuma in aka ce Alhaji sai in duba fuskar da ta juyo.

Takalmanmu a kasuwar Zhanxi muka ba da oda, wurin wata mata mai shago a bene na biyu. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, gajera, mai gajeren gashi, kullum da fensir a bayan kunne. Muna ce mata lawban, wato mai gida, ita ma tana ce wa Kawu lawban. Ranar da aka yi alkawarin kaya, sai aka kawo kwali ɗaya na samfuri, aka buɗe, aka ga kamfani ya yi ƙasan baƙaƙen takalman da jan launi. Kawu ya ce a sake. Ta ce kwana biyar.

Washegari da safe Kawu ya je shagon, ya ja wata 'yar kujerar roba ya zauna a bakin ƙofa, ya ciro carbi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. In ta dube shi sai ya ce, "Kaya?" Ta ce, "Meyo," wato babu. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbi. Haka muka yi ranar Alhamis, muka yi Juma'a in ban da lokacin masallaci, muka yi Asabar. Masu saye suna zuwa suna raɓa shi su shiga. Ta ba shi shayi, ya sha. Ta ba shi jarida, ya karɓa ya yi fifita da ita.

Da yammacin Asabar ta kira ni gefe. Ta ce gobe Lahadi ba za ta buɗe shago ba, za ta kai wa mahaifinta shinkafa da magani a ƙauye. Ta ce in gaya wa lawban, maimakon ya zo ya zauna a gaban rufaffiyar ƙofa, ya zo ta kai mu mu ga dawakan daji. Na sa ta maimaita, don in tabbata na ji daidai. Ta maimaita, ta ɗora yatsu biyu a kanta kamar kunnuwa.

Na gaya wa Kawu. Ya ce, "Doki ba ya zama a daji. Ka sake tambayarta, ƙila jakin dawa take nufi."

Na tambaya. Ta ce doki ne, kuma mahaifinta ke kula da su.

Kawu ya ce, "In ana kula da su, ai ba na daji ba ne."

Ban fassara wannan ba. Da muka koma otal muka ba Alhajin Maraɗi labari, nan take ya ce da shi za a tafi. Ya ce shi da doki tun yana goye, a gidansu ba a raba ɗiya da doki, kuma in ya dubi haƙorin doki sau guda zai faɗi shekarunsa har da watanni. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce zai je, amma dalilinsa ɗaya ne: ba ya so matar ta yi nisa da idonsa alhali kayansa ba su fito ba.

Da sassafe ta zo da 'yar motar da take kai kaya. Kujera biyu ce kawai a gaba, ita da Kawu. Ni da Alhajin Maraɗi muka zauna a baya a kan buhun shinkafa da kwalayen takalmi marasa komai a ciki. Kawu ya sa farar shadda da hula zanna, da sababbin takalma daga cikin samfurin da aka ba shi, don a ganinsa duk fitar da mutum zai yi tare da abokin ciniki fitar aiki ce.

Mun yi kusan awa uku a hanya. Da farko gine-gine ne da ba a gama ba, da ƙarafa a tsaye, da manyan motoci cike da yashi. Daga nan sai gonakin shinkafa da aka riga aka girbe, da tafkunan kifi, da agwagi. Daga nan kwalta ta ƙare, muka fara hawa tudu tsakanin gora masu tsayi. Duk tsawon hanyar nan Alhajin Maraɗi yana ba ni labarin dawakai: wanda ya jefar da wansa a rijiya, da wanda ya san hanyar gida daga kasuwa ko mai shi yana barci a kai, da wani akawal da ba ya cin dawa sai an jiƙa masa da kanwa. A wani rami da motar ta faɗa, ya dira a kan kwali, kwalin ya lotse, bai katse labarin ba.

Mahaifin lawban yana tsaye a bakin wata ƙofar gora lokacin da muka iso. Ƙaramin tsoho ne, bai kai kafaɗar Kawu ba, da takalmin roba har gwiwa da malafa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ba tare da mamaki ba, sannan ya dubi takalman Kawu ya daɗe. Muka ce masa nihaw, wato sannu, ya amsa. Gidansa ɗaki biyu ne na bulo da rumfa, da kare ɗaure, da tarin itace. Bayan gidan tudu ne mai faɗi, da ciyawa da bishiyoyi, an zagaye shi da waya har inda ido ya tsaya. Ba doki ko ɗaya.

Magana a ranar hawa uku take yi. Tsoho ya faɗa wa 'yarsa da yarensu, ita ta mayar mini da Turancinta, ni in mayar wa su Kawu da Hausa. Abin da tsoho zai yi minti biyu yana faɗa, kafin ya iso kunnen Kawu ya koma kalma shida. Ga abin da ya tsira a hanya: shi direban amalanken doki ne tun yana saurayi, yana ɗaukar bulo da kayan gona. Da taraktoci da babura suka zo, dawakan yankin suka rasa aiki, aka fara sayar da su wa mahauta. Shi da wasu abokansa biyu suka roƙi mutanen ƙauye wannan tudun da ba a noma, suka zagaye shi, suka riƙa karɓar dawakan da aka gaji da su suna sakinsu a ciki. Daga baya aka ƙara musu da wasu daga birni, na tsere, waɗanda ƙafarsu ta samu matsala. Abokan nasa sun rasu. Dawakan sun hayayyafa, kuma waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa sanin igiya ba.

Kawu ya ce, "Tambaye shi, wa ke hawansu?"

Amsa ta dawo: ba kowa.

"Suna jan kaya?"

Ba sa ja.

"Yana sayarwa?"

Ba ya sayarwa.

Kawu ya jira ko akwai sauran amsa a hanya. Da ya ga babu, sai ya ce, "To, me suke yi?"

Lawban ta tambayi mahaifinta, ya ba da amsa gajera. Ta ce, "Suna cin ciyawa."

Kafin mu shiga sai da ya kafa mana sharuɗɗa: ba a taɓa su, ba a ba su abinci, ba a ɗaga murya, kuma in sun zo kada kowa ya gudu. Alhajin Maraɗi ya yi dariya ya ce, "Gudu? Ka hwaɗa mishi wanga da yake gani ya kwana garken dawaki." Na faɗa wa lawban cewa Alhaji ya ce ya gode.

Muka hau. Tsoho a gaba da sanda, lawban a bayansa, sai mu. Ƙasar tana da laima, akwai wani ɗan rafi da muka tsallaka sau biyu, kuma a tsallakawa ta biyu takalmin Kawu na dama ya tsaya a cikin taɓo, ƙafarsa ta wuce ba shi. Na koma na ciro masa. Ya juya shi, ya duba ɗinkin, ya lanƙwasa ƙasan, ya ce wa lawban ta bakina, "Wannan gam ɗin ba zai kai damina ba." Ta ce za ta gaya wa kamfani.

Mun yi fiye da awa guda muna zagaye. Mun ga sawun kofato. Mun ga inda suka kwanta ciyawa ta baje. Mun ga wata bishiya da suka gwigwiye ɓawonta. Mun ga kashinsu da yawa, kuma a kowane tari tsoho sai ya tsaya ya tona da sanda, ya yi bayani. Lawban ta daina fassarawa tun a tari na uku. Duk sanda muka hau wani ɗan tudu, tsoho zai kare ido da hannu ya duba, ya ce, "Meyo." Alhajin Maraɗi ya gwada wani fito da ya ce babu dokin da zai ji shi bai zo ba. Karen da ke ɗaure a gida ne ya amsa daga nesa.

Da rana ta take, muka dawo rumfa. Tsoho ya so ya yanka mana kaza, lawban ta yi masa bayanin halal da ta saba yi a kanmu, ya saurara, ya shiga ɗaki ya fito da wata sabuwar tukunya, ya nuna mana cikinta don mu shaida ba a taɓa girki da ita ba. Ya dafa mana dankalin Hausa da ƙwai da gyaɗa. Na ciro ƙullin yajin Alhaji daga aljihu. Muka ci muna kallon tudu, tudu yana nan yadda muka bar shi.

Kawu ya ce da ni a hankali, "Ka tabbata akwai dawakan nan?"

Na ce, "Kawu, ai mun ga kashinsu."

Ya ce, "Mun gani."

Tsoho ya ce wani lokaci sukan sauko shan ruwa in rana ta yi sanyi, wani lokaci kuma ba sa saukowa, akwai mutanen da suka zo daga birni sau biyu ba su gan su ba. Bai faɗi haka da ban haƙuri ba. Lawban ta ce mu ƙara gwadawa sau ɗaya, sannan mu kama hanya. Muka sake shiga, wannan karon muka tsaya a wani fili kusa da rafin, muka zauna a kan duwatsu. Lokacin azahar yana neman fita, sai Kawu ya ce mu yi alwala a nan mu haɗa da la'asar, tunda matafiya ne mu.

Ina ɗauke da dardumarsa mai kamfas a jaka. A can ƙasar, alƙibla tana yamma, abin da Kawu bai taɓa sabawa da shi ba. Kullum sai ya duba allurar sau biyu kamar yana zarginta. Muka fuskanci wani kurmin gora. Kawu ya shiga gaba, ni da Alhajin Maraɗi a baya a kan rawaninsa da muka shimfiɗa. Lawban da mahaifinta suka koma gefe suka zauna.

Azahar ta wuce lafiya. A raka'ar farko ta la'asar na ji ƙasa tana ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafata, sannan na ji ƙarar gora tana karyewa. Idona yana wurin sujada, amma mutum yana ganin abin da ke gabansa ko bai ɗaga kai ba. Ƙafafuwa ne suka fara fitowa daga kurmin, da yawa, a hankali. Sannan wari ya iso, warin gumi da ciyawa da taɓo. Da muka ɗago daga ruku'u, sun cika filin. Muna tsaye ne a kan hanyarsu ta zuwa ruwa.

Ba su yi kama da dawakan da na sani ba. Yawancinsu gajeru ne, masu kaurin wuya, gezarsu ta dunƙule da ƙaya da busasshen taɓo, jelarsu tana jan ƙasa. Biyu ko uku ne dogaye masu siraran ƙafafu. Wata goɗiya ja ta zo ta tsaya daidai gaban dardumar Kawu, tazarar da ba ta wuce taku biyu ba, ta sunkuyar da kai tana hura hanci. Kawu ya yi kabbara ya tafi sujada kusan a tsakanin kofatanta. Muka bi shi. Ina jin numfashin wani a bayan wuyana, mai ɗumi, ina kuma jin Alhajin Maraɗi a gefena yana tasbihi da sauri fiye da yadda aka saba.

Na yi zaton Kawu zai gaggauta raka'a ta biyu. Bai gaggauta ba. In ma akwai bambanci, ta fi ta farko tsawo. Ya yi zaman tahiya a natse, ya sallame dama, ya sallame hagu, kuma a hagun fuskarsa ta kusa haɗuwa da ta wani duƙushi da ya zo yana shinshina hularsa.

Ba wanda ya tashi. Alhajin Maraɗi ya ce, ba tare da ya motsa leɓe sosai ba, "Alhaji, wanga na bayana, yana kallona?"

Kawu ya waiga kaɗan ya ce, "Ciyawa yake ci."

"To, bon," in ji Alhaji.

Suka raɓa mu ɗaya bayan ɗaya suka gangara rafi. Na ƙirga goma sha tara, na rikice, na bari. Suna sha, wasu suna tsoma baki har ido, duƙushin yana dukan ruwa da ƙafa. Wani ingarma baƙi bai sha ba sai da kowa ya gama. Ya tsaya a sama yana kallonmu, kunne ɗaya a wajenmu ɗaya a wajen garken. Ban taɓa ganin doki ba sirdi ba ragama ba turke ba, ba kuma wani a kusa da ke jiran ya gama ya hau shi. Na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na riƙe jaka.

Can a ƙarshe wani tsohon doki ya fito shi kaɗai, fari-fari, bayansa ya lotsa, yana tafiya kamar yana lissafin kowane taku. Kawu ya bi shi da ido. Sai na ji ya yi wani sauti da harshe, ƙasa-ƙasa, sau biyu, sautin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Dokin ya tsaya. Ya juyo da kai, ya tako har gaban Kawu, ya tsaya yana jira. A kafaɗunsa biyu akwai tabo, fata ba gashi, faɗin tafin hannu. Kawu ya ɗaga hannu, ya tuna sharaɗi, ya dubi tsoho. Tsoho ya dubi wani wuri dabam. Kawu ya ɗora hannun a kan tabon, ya bar shi a nan.

Ya ce, "Wannan ya yi aiki."

Lawban ta ce wannan na mahaifinta ne, shi ya ja amalankensa shekarun ƙarshe, kuma shi aka fara saka a tudun.

Kawu bai ɗauke hannun ba. Ya ce da ni, yana kallon dokin, "Kakanka yana da goɗiya. Da ita yake zuwa cin kasuwannin ƙauye. Ni nake yanko mata ciyawa, safe da yamma, shekara bakwai. Ban taɓa hawanta ba, ba a yarda ba. Da ta tsufa aka sayar. Na dawo daga makaranta na tarar da turke."

Na ce, "Kawu, ban taɓa jin wannan ba."

Ya ce, "Ba ka tambaya ba."

Lawban ta tambaye ni me ya ce. Na gaya mata, ta gaya wa mahaifinta. Wannan karon maganar ba ta ragu a hanya ba, don tsoho ya daɗe yana gyaɗa kai. Dokin ya gaji da tsayuwa, ya janye kafaɗarsa, ya gangara ya sha ruwa.

Kawu ya sa na tambayi tsoho abin da yake yi in ɗaya ya mutu. Ya ce yana kiran maza huɗu daga ƙauye, su haƙa rami a bayan tudu, yini guda ake yi. Kawu ya ce madalla. Sannan ya ce in tambaya, in shi tsohon ya kwanta dama, wa zai ci gaba da kula da su. Na mayar wa lawban. Ta cire fensir daga bayan kunnenta, ta dube shi, ta mayar. Ta ce, "Wannan ba zan tambaye shi ba." Na gaya wa Kawu. Ya ce ta yi daidai.

Garken ya haye rafi ya shiga bishiyoyi, cikin ɗan lokaci ba ka jin komai sai karyewar rassa, daga baya ita ma ta ɗauke. Duka-duka ba su yi rabin awa tare da mu ba. Sai a sannan Alhajin Maraɗi ya miƙe, ya kaɗe rawaninsa, ya ce dawakan ba su da laifi, amma ba su kai na wajensu tsayi ba. Ya ƙara da cewa shi abin da ya dame shi tun ɗazu, shi ne ko sallarmu ta yi, tunda dabba ta gitta gaban liman. Kawu ya ce ta yi. Alhaji ya ce shi ma haka ya gani, tambaya ce kawai.

A bakin mota tsoho ya kawo mana lemo cike da malafarsa, daga bishiyar bayan ɗaki, ya juye a cinyar rigata. Kawu ya laluba aljihunsa na dama, ya laluba na hagu. Ba ya karɓar kyauta ya tafi hannu sake. Abin da ya samu goro ne guda biyu, farare, a naɗe cikin ɗan tsumma mai laima, ragowar wanda ya taho da shi daga Kano yana ci ɓari-ɓari. Ya miƙa duka biyun da hannu biyu, kamar yadda ya ga mutanen ƙasar suna yi.

Tsoho ya karɓa, ya jujjuya, ya dubi Kawu. Kawu ya nuna baki. Tsoho ya ɓare ɗaya ya jefa rabi a baki ya tauna. Na ga lokacin da ɗacin ya isa. Idonsa ya kawo ruwa, tsokar kumatunsa ta motsa, amma bai tofar ba. Ya ci gaba da taunawa a hankali har ya haɗiye, sannan ya yi wa 'yarsa tambaya.

Ta ce, "Yana tambaya, magani ne?"

Kawu ya yi tunani kaɗan ya ce, "Ce masa eh."

"Na me?"

"Na barci. Yana hana shi."

Tsoho ya ce shiye-shiye, wato ya gode, ya naɗe sauran a tsumman, ya sa a aljihun ƙirji ya maɓalle. Muka shiga mota. Ya rufe ƙofar gorar a bayanmu, ya ɗaure ta da waya, ya juya wajen karensa tun kafin mu sha kwana.

A hanyar dawowa Alhajin Maraɗi ya yi barci a kan buhun da babu komai a ciki. Ni na riƙa ɓare lemo ina miƙa wa na gaba ta tsakanin kujeru, ɗaya wa Kawu, ɗaya wa lawban. Lemon yana da 'ya'ya da yawa, kuma gilashin ɓangaren Kawu ba ya sauka, don haka ya tara su a tafin hannu har muka shigo gari.